Neman kalma: me za mu kira "riset" a na'urar jin waƙa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki kan kalma ɗaya, wato riset, wannan da zaka ga an rubuta RESET a gefen wani ɗan mitsitsin rami a jikin na'urar jin waƙa ta aljihu, irin su Walkman da ƙananan MP3 ɗin nan marasa suna. Ba sunan na'urar nake nema ba, wannan kowa emfitiri yake cewa kuma ya riga ya zauna, a barshi. Abinda ya dameni shine mun ɗauki kalma ɗaya mun ɗora mata aiki har uku, biyu basa taɓa abinda ka ajiye a ciki, na ukun kuwa cinye waƙoƙi da karatu da duk abinda mutum ya tara yake yi, kuma duk riset muke ce musu.

Bari in fara da ciwon kafin maganin. Kana cikin saurare sai abu ya tsaya cak, allo a kunne, sunan waƙar yana nan a rubuce, lokaci ya tsaya ba gaba ba baya, ka danna nan ka danna can shiru, ko kashewa ma taƙi yi. Masu gyara suna cewa tayi hangin. Na ga wasu suna rubuta ta daskare, ni dai bata kwanta min ba, daskarewa sai abu mai ruwa ruwa kuma sai da sanyi. Ta cije ma ana faɗa, amma cijewa ta abu mai juyawa ce, ta fi dacewa da Walkman mai kaset da Sony ta fito da shi a 1979, wanda zaren kaset ke naɗewa a ciki, ƙananan na yanzu kuwa memori ne kawai a cikinsu babu abinda ke juyi. Ni na tsaya akan ta ƙame. Mutum yana ƙamewa ido biyu amma ba motsi, haka na'urar take daidai.

Sai dai kafin kace ta ƙame don Allah duba maɓallin kulle tukuna, wanda aka rubuta Hold a jikinsa, in aljihu ya tura shi zaka ga ɗan hoton kwaɗo a allo kuma babu maɓallin da zai amsa maka, alhali lafiyarta ƙalau.

Toh riset na farko shine maganin ƙamewa. Abinda yake yi shine ya katse aikin da na'urar ta maƙale a kai ya tilasta mata tashi daga farko, waƙoƙi kuma suna cikin memori wanda baya buƙatar wuta kafin ya riƙe abu, shi yasa ko ɗaya bata ɓata. A masu rami, tsinken cire sim ake sawa a danna a hankali har aji ɗan ƙas, kuma a lura sosai don wasu suna da ramin makirfo mai kama da shi, in ka soka can ka huda makirfo ne. A iPod classic kuwa babu rami, Menu da maɓallin tsakiya ake dannewa tare har tambarin Apple ya fito. Sansa Clip ta SanDisk maɓallin kunnawa ake riƙewa kamar daƙiƙa 20. Hanya daban daban, aiki ɗaya.

Wani ɗan uwa yace me zai hana muce sake kunnawa. Malam na fahimceka, amma sake kunnawa ta wanda zai iya kashewa ce, ita kuwa wannan ai taƙi mutuwa ne. In kace wa mutum ya sake kunnawa zai ta danna maɓallin kashewa ya dawo yace maka bata yi ba. Kalmar da nake ba da shawara ita ce farfaɗowa, na farfaɗo da ita, ka farfaɗo da ita mu gani. Duk wanda yaji ya san ba abinda za'a rasa, dawo da abu hayyacinsa ne kawai. Kuma ta haɗa har da wadda allonta yayi baƙi ƙirin taƙi kunnuwa, wannan sai muce ta suma, yawanci batir ne ya zube ƙasa gaba ɗaya saboda an ajiye ta watanni ba caji, a jona ta a barta kamar rabin awa ko fiye kafin a yanke mata hukunci, don batirin da ya zube haka baya nuna alama nan take, sannan a farfaɗo da ita tana kan caji.

Na biyu shine wanda yake cikin saiti, mai mayar da saitin na'ura yadda ya fito daga kamfani. Ana buƙatarsa in yaro ya latsa ya mayar da harshen zuwa Sinanci, ko sauti ya rikice ka rasa inda aka taɓa, ko Bluetooth yaƙi haɗuwa da iyafis ɗin da ya saba haɗuwa da shi. Agogo da harshe da saitin sauti su ne suke tafiya. Nan na ga ana cewa sake saiti, ba laifi amma ji nake kamar ance ka zauna ka sake saitawa da hannunka ɗaya bayan ɗaya. Koma-asali nake so, bisa ginin kalmomi irin su share-fage da fasa-ƙwauri da muka saba da su.

Na uku shine ya sa na buɗe wannan maganar, fomat. Wasu sun fassara shi da tsarawa, tsara memori, kuma wallahi wannan fassarar haɗari ce. Ka ce wa baiwar Allah ta tsara memorinta, me zata ɗauka, ai zata ɗauka jera waƙoƙi za'a yi kowacce a gurbinta, ta danna eh da murnarta, ta buɗe ta tarar wayam. Gaskiya ne fomat tsarin ajiya yake sake shimfiɗawa, amma abinda ya shafi mai na'ura shine kayansa sun tafi, don haka kalmar dole ta faɗi wannan a fili. Wankewa ma an kawo, ban karɓa ba, wanki datti yake fitarwa ya bar maka kayanka. Gogewa tayi kusa amma ita muke amfani da ita in za'a cire waƙa ɗaya. Shafe-duka. Babu daɗin ji, kuma haka nake so, duk wanda yaji zai dakata ya tambaya duka kamar yaya, daga nan sai ace masa kwafe kayanka a kwamfuta tukuna.

Kuma akwai inda shafe-duka ya zama dole, ba wai kullum ɓarna bane. Ka sayi katin memori mai 64GB ka saka tsohuwar na'ura tace babu kati, dalili shine katunan da suka wuce 32GB da tsarin exFAT suke zuwa, tsofaffin na'urori da yawa kuma FAT32 kaɗai suka iya karantawa, sai an sake shimfiɗa shi, wasu ma ko an yi hakan basa ɗauka. Ko an fizge kebul ana cikin tura waƙa, sunayen fayil suka koma wasu alamomi marasa kai. Irin wannan matsalar, farfaɗowa bata yi mata komai.

Abinda ya ƙara tabbatar min cewa kada mu bi rubutun Turancin da ke allo shine kamfanonin ma basu daidaita ba. A Walkman na zamani mayar da saiti baya taɓa waƙa, fomat ne mai shafewa. A iPod kuwa in ka jona ta da manhajar iTunes a kwamfuta ka danna Restore, wanda a ji kamar koma-asali ne, komai zai tafi har waƙoƙin. Kaga in muka fassara kalma da kalma mun jefa mutane rami, gara mu raɗa wa aikin suna gwargwadon abinda yake yi, na iPod ɗin nan shafe-duka ne ko me aka rubuta a kansa.

Wata 'yar uwa ta tambaya to in kwamfuta bata ganin na'ura fa, wanne za'a yi a cikin ukun. Babu ko ɗaya tukuna ranki ya daɗe, canza kebul, akwai masu ɗaukar caji kaɗai basu da wayoyin tura fayil a ciki. Haka in kunne ɗaya ne ke magana ko sauti yana ƙarƙar, gwada wani iyafis sannan a leƙa ramin da ake sokawa, audugar aljihu tana taruwa a ciki ta hana kan ya shige sosai. In kuma wasu waƙoƙi ne kaɗai suke ƙin buɗewa, duba ƙarshen sunansu, wata na'urar bata san M4A ko FLAC ba, kuma canza suna zuwa mp3 da hannu baya juya fayil, sai an sa manhajar juyawa. Wadda bayanta ya kumbura kuwa a daina yi mata caji nan take, batirin ne ya lalace kuma yana iya kama wuta.

Inda har yanzu nake jan ƙafa shine koma-asali. Koma abu ne ke yi da kansa, mu kuwa mayar da ita muke yi, toh ko mayar-asali ya kamata muce? A baki koma-asali ya fi sauƙi, nayi mata koma-asali, amma masu nahawu ku duba mana. Sannan akwai wanda masu gyara ke ce wa flashin, wato sake zuba manhajar cikin na'urar, shi ban samo masa komai ba tukuna, mai shawara ya ajiye a ƙasa.