Sulochana ɗaya ce ko biyu? Ku raba mu gardama

Tela na Fagge:

Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muna ƙarasa ɗinkin biki a shago, yarona ya miƙo mini waya yana dariya, ya ce, "Oga, ga tsohuwarka lokacin tana budurwa." Na duba sai na ga hoto baƙi da fari, mace fara sol, an zana mata gira siririya kamar zare, a ƙasa an rubuta Sulochana, 1907 zuwa 1983. Na ce masa ƙarya ne. Sulochanar da na sani ita ce mai fitowa uwa a finafinan Indiya da farin sari, wadda kullum ɗanta ke sa ta kuka, kuma ban daɗe da jin labarin rasuwarta ba. Muka yi ta musu har na ɗinke hannun riga a baibai, sai da na farke. Mun sa shayi da ƙwai na kwana uku. Wa ya ci?

Baba Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam. Tela, kai da yaronka duk kun yi gaskiya, duk kuma kun yi kuskure, don mata biyu ne. Taka ita ce Sulochana Latkar, 'yar Maratha, ta rasu a 2023 tana da shekara 94. Ta wayar yaronka kuwa ta girme ta da shekara ashirin da ɗaya, kuma sunanta na yanka Ruby Myers.

Bari in ɗan ja zancen, don ni tun ina zuwa silimar Plaza da kuɗin tara nake bin tarihin mutanen nan. An haifi Ruby a Pune, cikin Yahudawan da kakanninsu suka taso daga Bagadaza suka zauna a Indiya. Aikinta na farko haɗa layin tarho ne, irin matan da ke zaune gaban allo suna cusa waya a rami. Daga nan Mohan Bhavnani na kamfanin Kohinoor ya neme ta ta shiga fim, ta ƙi da farko, ya nace har ta yarda. Kada ka yi mamakin ƙin da ta yi. A 1913, da mai shirya fim Dadasaheb Phalke ya yi fim ɗin Raja Harishchandra, rasa macen da za ta fito sarauniya ya yi, sai wani saurayi mai suna Anna Salunke aka ɗaura wa sari. 'Yar mutunci ba ta shiga fim a lokacin. Shi ya sa jaruman farko da yawa Yahudawa ne ko ruwa-biyu tsakanin Bature da Ba'indiye, kamar Patience Cooper ta Kalkata.

Abin da ya ba ta dama shi ne fim ɗin ba ya magana. Ruby Turanci ta taso da shi, Hindinta ba ta kai ta kawo ba, amma wa ya sani? Ido da fuska da tafiya su ne zancen. In an zo wurin da sai an yi bayani, a sa rubutu a allo, wani lokaci da harsuna uku ko huɗu, ga masu tabla da harmoniya zaune a gaba suna bin fim ɗin da kiɗa. Wanda bai iya karatu ba, na kusa da shi ya karanta masa. Aka laƙa mata suna Sulochana, wato mai kyawawan idanu, shi ke nan ta zama 'yar gida.

Da ta koma kamfanin Imperial na Ardeshir Irani ne tauraronta ya haska sosai, yawanci ita da jarumi D. Billimoria. A Wildcat of Bombay na 1927 mutum takwas ta fito ita kaɗai, ciki har da mai lambu, ɗan sanda, mai sayar da ayaba, wani alhajin birni na Haidarabad, da Baturiya mai farin gashi.

Sai ga 1931. Shi Iranin nan, ubangidanta, ya yi Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya, da waƙoƙi bakwai. Babbar jarumar gidan tana nan zaune, amma Zubeida aka ɗauka, don ita ce bakinta ya faɗa. Ka ga inda ake gane mai zuciya. Ruby ta ajiye aiki kusan shekara guda, ta zauna ta koyi Hindustani kamar 'yar firamare, ta dawo a 1932 da Madhuri, wanda dama ta taɓa yin sa ba murya. Ta sake hawa sama, har ta kafa kamfaninta, Rubi Pics.

Maman Hanifa:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Ni inda ya tsaya mini shi ne maganar canja suna. Mahaifiyarta ta haifi Ruby, kasuwa ta haifi Sulochana. Kuma ba ita kaɗai ba ce: Nadira mai ɗage gira ɗin nan da muke tsana a tsofaffin finafinai, sunanta Florence Ezekiel, Pramila kuma Esther Abraham. To ga tambayata, da tsufa ya zo fa? Don mu mata mun san yadda harkar take, ana yayinki yau, gobe a ce ki fito uwar wanda ya girme ki.

Ɗan Kanti:

Ni dai na karanta wai albashinta ya fi na Gwamnan Bombai. Baba, wannan ba irin kurin masu talla ba ne?

Baba Mai Rediyo:

Ɗan Kanti, wannan magana ta gwamna kusan duk mai ba da labarinta sai ya maimaita ta, ana cewa rufi 5,000 take ɗauka a wata. Ni inda na tsaya shi ne tana sahun gaba a albashi a zamaninta, maza da mata. Gwamna kuwa a bar shi da masu tallan fim, sana'arsu ce.

Maman Hanifa, kin taɓo wurin. Ki dubi labarin Anarkali, baiwar nan da Yarima Salim ya so, mahaifinsa Sarki Akbar ya hana. A 1928 Sulochana ce Anarkali, ba murya. A 1935 aka sake yin sa da magana, ita ce dai Anarkali. A 1953 aka yi na uku, Bina Rai ta zama Anarkali, ita kuma aka ba ta uwar Salim, wato surukar da ba a samu ba. Labari ɗaya, sau uku, shekara ashirin da biyar tsakanin na farko da na ƙarshe. Kuma ta karɓa ta yi. Haka ta ci gaba da ƙananan fitowa har cikin shekarun 1970, goggo a nan, maƙwabciya a can, matasan da ke kallo ba su san wace ce ba. A 1973 gwamnatin Indiya ta ba ta kyautar Dadasaheb Phalke, wadda babu ta sama da ita a harkar fim a ƙasar. Ta rasu a Bombai a 1983.

Abin da ke cin raina shi ne ba za mu iya zama mu kalli ƙuruciyarta ba. Indiya ta yi finafinai marasa magana sama da 1,300, waɗanda suka tsira ba su kai talatin ba, su ma wasu guntaye ne. Faifan lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, yana kama wuta kamar fetur, in ya daɗe a ajiye kuma ya narke ya zama gari. Wasu ma da gangan aka sayar da su don a tace azurfar da ke jiki. Ma'ajiyar finafinai ta ƙasa sai a 1964 aka buɗe ta, a Pune, garin da aka haife ta. Alam Ara ɗin da aka hana ta ma ya ɓace.

Tela na Fagge:

Baba, na gode, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa yaron, ya ce tunda hoton Sulochana ce ta gaskiya shi ya ci, na ce tunda ba tsohuwata ba ce ni na ci. Mun shirya a kan ni in sayi shayi, shi ya sayi ƙwai. Ya samo Anarkalin 1953 a YouTube, yau in an kawo wuta za mu nemi uwar Salim.