An ɗauke ni daga Jidda zuwa Lis, in tafi ko in ajiye aikin?

Maman 'yan uku:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wallahi yau kwana huɗu rabona da barcin kirki. Ni ma'aikaciyar lab ce a wani asibitin gwamnati nan Jidda, tun 2017 na zo, kuma ba da sauƙi na zo ba, sarƙar gwal ɗin aurena na sayar na biya DataFlow masu tantance takardun karatu, jarrabawar lasisi ta Prometric sau biyu na zauna don na farko da ƙyar ya kayar da ni, ga ejan da ya riƙe min fasfo wata biyar yana min yawo da hankali, har Hajiyarmu Allah ya jiƙanta ta ce in haƙura da aikin jiha da nake yi a Kano tunda ko ba komai ina kusa da ita, na ƙi ji. Shekara takwas ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ni ba, aikin Hajji sau uku ana tura ni Mina ban ce uffan ba. To ranar Lahadi mudir, shugaban wurin aikinmu, ya kira ni ofis ya miƙo min takarda wai an mayar da ni wani ƙaramin markaz, wato cibiyar lafiya, can wajen Lis, in kama aiki cikin sati biyu. Lis fa jama'a, kusan kilomita 200 kudu da Jidda. Na ce me na yi, ya ce babu laifi, tsari ne daga sama, an kawo 'yan ƙasa biyu sashenmu. Yarana uku a nan suke makaranta, babbar tana ajin ƙarshe. Akwai wata polikilinik, asibiti mai zaman kansa, da suka ce in kawo takarduna. Dan Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Dattijon Misfala:
'Yata ki saurare ni da kyau, shekarata 31 a ƙasar nan, babu kalar takardar da ban gani ba. Wannan sallama ce aka naɗe miki a ganye. Tun 2022 da aka kafa kamfanin nan na Sihha Ƙabida aka raba asibitocin gwamnati gida 20 da suke kira tajammu'i, ma'aikatar lafiya za ta koma sa ido ne kawai, to duk wanda ya ci tuwo da su miya ya sha. Yau Lis, baɗi idan lokacin tajdidi, wato sabunta kwantiragi, ya zo su ce ba a buƙata, ki tashi ba tsuntsu ba tarko. Ki ajiye tun da mutuncinki. Tun 2021 aka sauƙaƙa naƙal kafala, wato komawa hannun wani mai ɗaukar aiki, polikilinik ɗin su tura miki tayi ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ki danna, shi ke nan.

Nas daga Ɗa'ifa:
Baba da girmanka amma a nan ka yi tuntuɓe. Sauƙin nan na 2021 na ma'aikatan kamfanoni ne, mai aƙadin gwamnati, wato kwantiragin gwamnati, ba ya danna waya kawai ya wuce, sai wurin aikinsa sun sake shi. Sannan Anti kin lissafa kuɗin murafiƙai, wato wanda ake biya kan iyalan da ke ƙarƙashinki? Na ma'aikatan ɓangaren masu zaman kansu riyal 400 ne duk wata kan kowane mutum ɗaya, yara uku 1,200 ke nan, a shekara 14,400, kafin haya kafin kuɗin makaranta. Kuma tun Afrilun 2025 aka ɗaga kason 'yan ƙasa a aikin lab na masu zaman kansu zuwa kashi 70 cikin 100, Jidda na cikin garuruwan farko. Wato abin da kike gudu yana can yana jiranki a bakin ƙofa. Ni dai in ni ce zan tafi Lis, in kama ɗaki, Alhamis da yamma in dawo gida. Wane irin aƙadi ne da ke tukuna, na wizara, wato ma'aikatar lafiya, ko na tashgil zati da asibiti ke ɗauka da kansa? Don lissafin ba ɗaya ba ne. Kuma yaushe zai ƙare?

Ɗan Maiurno:
Ya ukhti ki gode Allah. Mu da muke aiki a Madani ta Sudan, watan Disamba 2023 da yaƙi ya iso da kayan jikinmu muka fita, ni da na yi shekara 12 ina harhaɗa magani yanzu a wani shago nake a Bab Makka ina ɗaga kwali, takarduna na asali suna can an bar su, DataFlow sun rubuta wa makarantarmu a tantance babu mai amsawa. Ni a tura ni Lis ɗin mana, ko Sharura ce can wajen iyakar Yaman zan je da ƙafa.

Maman 'yan uku:
Allah ya kawo muku sauƙi ɗan'uwa, ban raina ni'ima ba. Amma ku fahimce ni, kama ɗaki da kuke faɗa wa zai riƙe yaran, ƙaramin shekararsa biyar kuma yana da asma. Kuma markaz ɗin na tambaya, sikari da fitsari da awon jini na yau da kullum kawai ake yi, ni da nake bencin maikuro, wato awon ƙwayoyin cuta, shekara biyu a can hannuna ya mutu. Polikilinik ɗin kuma mai wurin mutumin kirki ne, matarsa ƙawata ce tun a Mina, ba zai min haka ba.

Hajiyar Kandara:
Mutumin kirki? Hmm. Ƙanwata haka aka ce min nima, wata huɗu ratibi, wato albashi, bai shigo ba, kullum bukura insha Allah, ga dawam biyu, aiki safe da dare, ranar da na yi magana aka ce in ba na so ga huruj niha'i, bizar barin ƙasa gaba ɗaya. Har yau in na wuce ta layin sai gabana ya faɗi. Wai ina baban yaran ne? Shi me ya ce?

Dattijon Misfala:
Yaran yanzu da karatun waya. Ni da hannuna na raka mutum biyu suka yi naƙali daga gwamnati, magana ce ta wasɗa, a samu wanda zai shiga wajen mudir a sha shayi, an gama. Batun kashi 70 kuma ai saura 30, 'yata ba za ta rasa gurbi a ciki ba. Kar ki bari a tsorata ki.

Nas daga Ɗa'ifa:
To Baba yanzu ka dawo kan maganata, sai mudir ya yarda. Anti kar ki rubuta istiƙala, takardar ajiye aiki, kafin ki ga komai a rubuce. In dokar ƙwadago ce ke kanki, wanda ya ajiye da kansa tsakanin shekara 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku na mukafa'arsa, wato kuɗin sallama, yake samu, ɗaya ya tafi. Ki fara rubuta tazallum, wato takardar koke, ki haɗa da rahoton asmar yaron, ki karɓi shahadar hibra mai nuna shekarun da kika yi aiki, ki duba shafin Mumaris kar lasisin Hai'a, hukumar ma'aikatan lafiya, ya ƙare miki ana cikin wannan. Har yanzu ba ki faɗi irin aƙadin ba.

Maman 'yan uku:
Maganar babansu a bar ta dan Allah, ba ita na kawo ba. Tazallum kuma wata 'yar Filifin ta rubuta bara, har ta tafi ba a amsa mata ba, ni ba zan je ina roƙo ba bayan duk abin da na yi musu. Aƙadin yana cikin akwati zan duba in na koma gida. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da polikilinik ɗin, amma 14,400 ɗin nan ya tsaya min a wuya.

Ɗan Maiurno:
Ukhti a wace unguwa polikilinik ɗin take? Suna neman na famasi?