Barci bayan abincin rana yana neman raba ni da aikina, don Allah a ba ni shawara

ɗan_layin_atamfa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wata matsala ce ta dame ni kuma duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai kowa ma haka yake, ni kuma na san nawa ya wuce na kowa. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, atamfa da leshi muke sayarwa, shekarata 29. Kullum in muka dawo daga azahar sai in aika a siyo min garau-garau ko ɗanwake, wani lokacin shinkafa da miya, in haɗa da lemo mai sanyi saboda zafin nan. To wlh rabin awa ba ta cika bayan na wanke hannu sai wani irin barci ya danne ni, ba gyangyaɗin nan na kowa ba, ido ne yake rufewa da kansa, kai ya yi nauyi, kwastoma tana min magana ina jin ta kamar daga nesa. Haka nake fama har la'asar.

Abin da ya sa na rubuto, satin da ya wuce wata Hajiya ta zo sari daga Damagaram ta ɗauki turmi 12 na rubuta mata 10, sai da yamma muna lissafi aka gano. Maigidana mutumin kirki ne bai zarge ni da komai ba, amma ya ce in haka zan ci gaba ba zai iya barina ni kaɗai a shago ba. Ina da mata da yaro ɗaya, da wannan aikin nake riƙe su. Na gwada goro, na gwada Nescafe, na gwada barin abincin ranar gaba ɗaya sai jiri ya kama ni wajen ƙarfe uku. Wai ciwo ne ko me? Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya ya yi?

Abba_Farm_Centre:

Wa'alaikumus salam mutumina. Ni gyaran waya nake yi kuma na sha irin wannan, har na taɓa ƙona wa wani allon waya da abin walda ina gyangyaɗi na biya da kuɗina. Abu na farko da zan ce maka ka ajiye lemon nan. Robar Coke ɗin nan ta 50cl akwai suga ya haura cokalin shayi 10 a ciki, kai kuma ka zuba shi a kan shinkafa. Kuma ka duba garau-garau ɗin da ake sayar mana yanzu mana, tunda wake ya yi tsada ai shinkafa ce zalla sai ƙwayar wake jefi-jefi, ɗanwaken ma garin rogo da fulawa sun fi waken yawa. Ni abin da na yi, na ce wa mai abincin ta rage min shinkafar rabi ta ƙara wake da salak, in sa dafaffen ƙwai ɗaya, ruwan leda kawai nake sha a kai. Wata ranar kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli nake ci da awara. Sannan wajen ƙarfe huɗu in na ji yunwa in ɗan ci gyaɗa. Ban ce ya tafi gaba ɗaya ba amma yanzu ina iya aiki. Kar ka bar cin abinci fa, rage shi za ka yi ka raba shi biyu.

Anti_Nas:

Ƙanina sannu, Allah ya yaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan yi maka bayani sannan in yi maka tambayoyi ka amsa min tsakani da Allah.

Jin kasala bayan abincin rana kowa yana yi, don jikin mutum dama yana da wani lokaci tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana da kuzarinsa yake sauka ko da bai ci komai ba, haka Allah ya tsara agogon jikin. To sai abincin ya zo ya tarar da wannan. Farar shinkafa, fulawa, garin rogo, taliya, biredi, lemo, duk suna narkewa da wuri su zama suga a jini, jiki ya sako insulin da yawa don ya kwashe shi, shi kuma sugan in ya hau yana rage aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake ce wa oreksin wanda shi ne yake riƙe mutum a farke. Ga mai kuma, yawan man da ake zubawa a garau-garau shi ma yana nauyaya jiki. Maganar da mutane suke yi wai jini ne yake barin kai ya koma ciki ba haka ba ne, ƙwaƙwalwa ba ta yarda a rage mata jininta don ka ci tuwo.

Amma irin wanda ka kwatanta, har ka rubuta 10 a madadin 12, wannan ba zan ce maka ka rage shinkafa kawai ka yi shiru ba. Ka faɗa min: kana yawan jin ƙishirwa? Sau nawa kake tashi fitsari da daddare? Ka rame ko ka ƙara ƙiba a 'yan watannin nan? Akwai mai ciwon suga a gidanku? Matarka tana cewa kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka yana ɗaukewa cikin barci? Sannan ƙarfe nawa kake kwanciya, ƙarfe nawa kake tashi? Kana shan wani magani, kamar na mura irin su Piriton? Don shi kaɗai ma yana sa barci.

ɗan_layin_atamfa:

Anti na gode ƙwarai. Ƙishirwa kam ina ji amma na ɗauka zafi ne. Fitsari sau ɗaya ne wani daren biyu. Ban rame ba, tumbi ma na fara ajiyewa tun bayan aure. Mahaifinmu yana da suga shekara kusan takwas kenan yana shan magani. Minshari ta ce ina yi amma ba sosai ba. Kwanciya kuwa gsky sai ɗaya na dare, ba wuta ɗaki kamar tanderu, sai in fito tsakar gida ina danna waya har iska ta ɗan sauko, biyar kuma na tashi asuba, ba na komawa don bakwai da rabi nake fita daga Rijiyar Zaki. Ba na shan kowane magani.

Anti_Nas:

To ka ga ni. Awa huɗu kake barci ƙanina, babban mutum kuma yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Bashin barci ne a kanka, abincin ranar kawai tono shi yake yi. Ko zogale zalla ka ci da rana sai ka yi gyangyaɗi in dai haka darenka yake. Nescafe da goron da kake ƙarawa da yamma kuma suna cikin masu hana ka barcin daren, don abin da ke cikinsu yana kai awa biyar rabinsa bai bar jiki ba, ka ga kana ta zagaye a waje ɗaya kenan.

Na biyu, tunda Baba yana da suga ga tumbi ya fara, don Allah ka je a gwada. Da safe za ka je ba ka ci komai ba, aƙalla awa takwas rabonka da abinci, ruwa kawai. In ya nuna ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 an fara hawa hanya amma ba a kai ba. In ya kai 126 ko sama, aka maimaita wata rana ya sake nunawa, to ciwon suga ne. Wasu na'urorin wani lissafi suke amfani da shi, a can 7.0 shi ne 126 ɗin, kar ka ruɗe. Ka ce a haɗa maka da gwajin yawan jini, PCV, don ƙarancin jini ma yana kawo wannan kasalar. Kuma sakamakon likita za ka kai wa, ba mai kemis ɗin unguwa ya duba ya haɗa maka magani ba. Ko asibitin sha-ka-tafi na kusa da ku suna yi, ba sai ka je Asibitin Malam ko Murtala ka bi layi ba.

Baban_Kurmi:

Ɗana, na karanta duk abin da 'yata ma'aikaciyar asibiti ta rubuta kuma ka bi maganarta. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Na fi shekara 40 a kasuwa, kuma mu da muka taso iyayen gidanmu ba sa yaƙi da barcin rana, ƙailula suke yi. A shimfiɗa buzu a bayan rumfa, mutum ya kishingiɗa kaɗan yaro ya tsare kaya, ya tashi ya yi alwala ya dawo garau. Ku yanzu kun mai da shi abin kunya. Ka samu maigidanka ka yi masa magana ta girmamawa, ka ce ya ba ka minti 20 bayan ka ci abinci, ai gara ya rasa ka minti 20 da ya rasa turmi biyu. Amma kar ka zarce, in ka wuce rabin awa barcin ya yi nisa za ka tashi jikinka ya fi da mutuwa. Sannan ka tuna hadisin da Tirmizi ya ruwaito, a raba ciki uku, ɗaya na abinci ɗaya na abin sha ɗaya na numfashi. Ina ganin yaran kasuwa yadda ake cika musu kwano har yana zuba, su kuma sai sun ga ƙarshensa don kar kuɗinsu ya tafi a banza. Allah ya yi maka albarka ya tsare maka sana'arka.

Abba_Farm_Centre:

Baba Allah ya ƙara girma, amma a Kwari yanzu ina wajen kwanciyar yake, shagon ma da ƙyar mutum biyu suke juyawa a ciki, kuma biyu zuwa huɗu lokacin ne 'yan sari suke cika layi. Ni a ganina ya fi sauƙi yana gama ci ya miƙe ya taka, ko minti goma ne, ya karɓi aiken sito ko kai kaya tasha da kansa maimakon ya zauna a kan dilar atamfa fanka tana kaɗa shi. Tafiyar nan bayan abinci tana sa jiki ya ƙona sugan, Anti za ta gyara min in ba haka ba ne. Ko kuma ya ci abincin kafin azahar, tafiya masallaci da alwalar su wartsake shi.

mai_adaidaita_Bata:

Ni dai roƙona ɗaya ɗan'uwa, duk wanda ya ce maka ga wata ƙwaya ko wani haɗi da zai hana ka barci kar ka karɓa. A sana'armu na ga yara da yawa da haka suka fara, wai don su jure aiki, yau ga su nan sai addu'a. Lemon ƙarfin nan ma da ake sha kamar ruwa suga ne da abin hana barci, zai ɗaga ka awa ɗaya ya yar da kai. Ni fura ce take min haka, in na sha fura da nono da suga da rana to sai na faka a inuwa, don na taɓa rufe ido a kan titin Zariya da fasinja uku a baya, Allah ne kawai ya kiyaye. Tun ranar na mai da furata ta dare. Kai ma in kana hawa mashin zuwa gida kar ka hau a wannan yanayin.

ɗan_layin_atamfa:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun sati biyu. Anti na je gwajin, jinina ya isa, suga kuma ya nuna 109. Likitan ya ce ba ciwon ba ne tukunna amma da tarihin gidanmu in kiyaye, bai ba ni magani ba, ya ce in rage zaƙi da tumbin in dawo bayan wata uku. Gsky hankalina ya tashi ranar don na ga wahalar da mahaifinmu yake sha, amma gara da na sani yanzu.

Lemo na daina, kwana uku na farko na ji jiki. Shinkafa rabi nake ci da wake da ganye kamar yadda Abba ya ce. Baba na yi wa maigida maganar, ya ce kwanciya a shago ba za ta yiwu ba amma in an idar da azahar in tsaya a masallaci minti 15 in rufe ido shi zai riƙe shagon, don haka yanzu sha biyu da rabi nake cin abincin. Wayar kuma matata take karɓewa sha ɗaya na dare, mun fito da katifa da gidan sauro tsakar gida. Barcin ranar bai tafi duka ba, wajen uku har yanzu ina jin nauyin ido, amma ina gane abin da nake rubutawa. Anti tambaya ɗaya ta rage, shayin safe da nake sha a wajen mai shayi da biredi da madarar gwangwani, shi ma in bari ne ko rage sugan ya isa?