Tagullar Hufra: ta taɓa isowa Salaga da Kumasi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman taimako kan wata tsohuwar mahaƙar tagulla a kudancin Darfur, Hufratun Nahas, wadda aka ce tagullarta tana zuwa har kasuwar Kano a ƙarni na 19. Daga nan Kumasi ta ina mutum zai fara bin tarihinta? Sannan tunda fataken goro daga Kano suke tasowa zuwa Gwanja, za a iya tabbatar da cewa tsofaffin mundayen da ke hannun iyayenmu mata a Zongo daga can tagullarsu ta fito?

Malamin Nima:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Raba aikin gida uku: daga ramin zuwa Kano, daga Kano zuwa Salaga (babbar kasuwar goro ta Gwanja), daga Salaga zuwa Kumasi. Na farkon ne yake da shaida ƙarara a rubuce.

Fara da Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851. A juzu'i na biyu na littafin tafiyarsa, inda ya lissafa hajar kasuwa, ya ce ana kawo tsohuwar tagulla kamar kaya 50 da tutiya kamar kaya 20 daga Tarabulus, kuma fataken Jallaba na garin Nimro a Wadai suna kawo wata duk shekara daga "el Hofra", kudu da Darfur. Ka lura sosai a nan: tun a Kano tagulla biyu ce ke haɗuwa, ta hamada da ta gabas.

Sai Nachtigal, wanda ya zauna Wadai a 1873 ya shiga Darfur a 1874, shekarar da Zubair, ɗan kasuwar Sudan mai rundunar kansa, ya ci daular Darfur. Juzu'i na huɗu na fassarar Turanci shi ne na ƙasashen biyu. Akwai kuma Purdy, hafsan Amurka a rundunar Masar, wanda ya taka wurin da ƙafarsa a 1876. Shi gani ya yi, Barth kuwa ji ya yi a bakin 'yan kasuwa, kada ka ba su nauyi ɗaya kan yanayin ramin. Littafin Eugenia Herbert na 1984, Red Gold of Africa, zai nuna maka sauran waɗanda suka ambaci wurin.

Inda masu nema ke yin tuntuɓe shi ne rubutun sunan. Gwada Hofrat en Nahas, Hufrat al-Nahas, el Hofra, da na Larabci, ka ƙara da sunayen yankin, Dar Fertit da Kafia Kingi. Tsofaffin littattafan da ke intanet na'ura ce ta karanta haruffansu, kuma tana yawan lalata baƙin suna, don haka in nema bai fito da komai ba, buɗe jerin sunayen da ke bayan littafin ka bi lambar shafi. Mujallar Sudan Notes and Records, da aka fara a 1918, da ma'ajiyar takardun Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila, su ne na zamanin Turawa. Wurin yana kusa da kogin Umbelasha, dab da iyakar Afirka ta Tsakiya, a yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke jayayya a kai. Maganar zuwa can ba ta taso ba yanzu.

Hajiya ta Madina:
Malam ya gama da gida na farko. Ɗana, na biyu da na uku su ne masu wuya, kuma kada son abin ya zama gaskiya ya ja ka.

Kumasi ba ta rasa tagulla ba a lokacin. Jiragen Turawa sun shekara ɗaruruwa suna sauke tasoshi da sanduna da mundaye a Elmina da Cape Coast, kuma maƙeran Asante da irin wannan suke zuba tukwanen ajiya da ake kira kuduo da ma'aunan zinariya. Abin da aka fi sanin fatake da shi kuwa kanwa ne da tufafi da kayan fata da dabbobi, su juya da goro. Don haka munduwar da ke Zongo ta fi kusa da zama ta teku, sai in shaida ta nuna akasin haka.

Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnatin Gana, a Ankara da fatan samun sunan ramin. Fayilolin arewa na can daga ƙarshen shekarun 1890 suka fara, bayan Salaga ta watse. Nemi waɗanda suka ga kasuwar tana ci: matafiyi Bajamushe Krause a 1886, Bafaranshe Binger a 1888. Bi jerin kayan da suka gani, ka duba ko sun faɗi ta wace hanya ƙarfen ya zo. Sai rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete Krachi, Bakano ne, ya rasu a 1934, ya yi rubutu da ajami kan sana'o'i da fataucin ƙasar Hausa. Je Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, suna da tarin rubutun Larabci da ajami, ka tafi da wanda ya iya karanta warash.

In za ka zauna da tsofaffi, kada ka fara ambaton Darfur, don za su ba ka abin da suka ga kana so. Tambayi wa ya ba wa, a lefe ne ko a gado, a wane gari. Shekara kuma ka auna ta da abin da kowa ya sani: yaƙin Salaga na 1892, na Yaa Asantewaa na 1900, girgizar ƙasar Ankara ta 1939.

Maƙerin Asawase:
Bari in sa baki kan ƙarfen kansa. Ido ba ya isa, tsatsa tana mai da komai kala ɗaya. Ana auna shi da na'urar XRF, mai gano sinadaran da ke cikin ƙarfe, kuma akwai ta a Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya. Fatar ƙarfen kawai take karantawa, kuma a tsohon ƙarfe tutiya tana zubewa daga fata, sai gaurayen tagulla da tutiya ya fito kamar zallar jan ƙarfe. Saboda haka a kankare wuri kamar milimita 3 zuwa 5 ta cikin munduwar, da izinin mai ita, har sabon ƙarfe ya bayyana, a auna wuri uku. Kada a goge da lemun tsami ko man goge ƙarfe kafin a kai.

In tutiya ta haura kashi 33 cikin ɗari, haɗin masana'antar Turai ne na baya-bayan nan, ka cire Hufra daga lissafi.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri. To Baba, in ta fito zallar jan ƙarfe fa?

Maƙerin Asawase:
Ba ta faɗi jarrabawa ba ke nan, amma ba ta ci ba, don Turawa ma sun kawo zallar. Mataki na gaba gwajin nau'in dalmar da ke cikinta ne: a huda da bakin milimita 1, a ɗebi gari kamar miligiram 20, a kwatanta da dutsen ramin kansa. In ba a da sakamakon dutsen, kuɗinka ya tafi a banza, don haka fara neman sa a rahotannin binciken ma'adinai na Sudan kafin ka huda kayan mutane. Kuma in an taɓa narka munduwar tare da wata a maƙerar Kano ko Salaga, gwajin zai ba ka tsaka-tsakin da bai dace da kowane rami ba. Zaɓi wadda ba ta da alamar liƙi ko gyara.