Don Allah ku duba min wannan tsuntsun, mai bakin cokali ne?

Baƙon_Aktik:
Salamu alaikum jama'a. A watan Yuni na bi wata tawaga zuwa Cukotka, can ƙuryar gabashin Rasha, tundira ce zalla ba bishiya ko ɗaya sai gajeriyar ciyawa da tsakuwa kusa da bakin teku, to nan na hango wani ɗan tsuntsu da kaɗan ya fi gwara, fuska da wuya jajaye, ƙirji da ɗige-ɗige, ƙafa baƙa. Hoto biyu kawai na samu ya tashi, duka ta gefe. Raina na ce min mai bakin cokalin nan ne, tsuntsun bakin ruwa da ƙarshen bakinsa ke da faɗi kamar cokali, da ake nema ruwa a jallo. Me kuka gani?

MaiTabarau:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka yi saurin murna fa. Akwai ɗan'uwansa mai jan wuya, shi ma a nan yake ƙwai, girmansu kusan ɗaya, santimita 14 zuwa 16, kuma lokacin yin ƙwai kalarsu kamar an tsaga kara. Mai jan wuyan yana da yawa, shi kuwa naka duk duniya ba su kai 1000 ba. Hoton gefe yaudara ne, cokalin ba ya fitowa sosai sai ya fuskanto ka ko ya sunkuyar da kai.

Yar_Fadama:
Ni cin abincinsa zan tambaya. Mai bakin cokali yakan tsoma baki a ruwa marar zurfi yana tafiya kai a ƙasa, yana kaɗa shi hagu da dama kamar mai shara, ɗayan kuma tsince yake yi caf caf da sauri. Sannan ka zuƙo hoton ka duba ƙafa, masu bincike a ƙauyen Meinypilgyno da ke Cukotka suna saka musu 'yar tuta mai lamba, da ita ake gane su in sun je Miyanma ko Bangaladash cin hunturu.

Baƙon_Aktik:
Na zuƙo, ba tuta. Amma a hoto na biyu ƙarshen bakin kamar ya ɗan yi faɗi, ko idona ne oho. Bai ci komai a gabana ba, tsaye yake yana kuka.

MaiTabarau:
Tsayuwar nan da kuka a Yuni, ƙila sheƙa ce kusa, a ƙasa suke zuba ƙwai huɗu. Ka turo hoton asali ba wanda WhatsApp ya matse ba, amma ka goge bayanin wurin tukuna, akwai masu tara ƙwai.