Abin da aka tattauna kan tuƙa keke a hanyoyin burji na gaɓar teku

Ga abin da na tattaro:

1. An yarda a hau tudu da sassafe, a gangaro bakin teku kafin iska ta yi ƙarfi da rana.
2. Taya mai faɗin milimita 40 zuwa 45. A rage mata iska a cikin yashi.
3. Gishirin teku na cin sarƙa. A wanke ta, a shafa mai.

An rabu kan shiga daji bayan ruwan sama. Wasu na so, wasu sun ce laka kan cushe taya har keke ya tsaya cak, ga saiwoyi masu santsi ƙarƙashin ganye. Ni ina tare da na biyun.

A sauke taswira a waya tukuna, sabis kan ɗauke a kwari.