Wai in haɗa karyata da ubanta don jini ya tsaya, me kuka gani?

Sabon_Makiyayi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon karnuka, dan Allah shawara nake nema. Ina da karya Jaman Shefad shekararta ɗaya da 'yan watanni, da takardar asalinta har kakanni huɗu a jere, lafiyarta ƙalau tana gudu tana gadi. Toh mutumin da na karɓe ta a wurinsa ne yake ta matsa min wai da zarar ta sake neman namiji in kawo ta ya haɗa ta da ubanta, wai uban ya taɓa cin gasar nuna karnuka kuma in aka yi haka jini zai tsaya 'ya'yan su fito sak. Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukar hoton ƙashin ƙugun uban sai ya ce ai takarda ta wadatar, kare mai takarda ba ya ciwo. Ni dai hankalina bai kwanta ba saboda uban bayansa a zube yake sosai, in yana tafiya ƙafafun baya har gogar juna suke, shi kuma ya ce haka ƙa'idar irin ta ce, wato rubutaccen bayanin siffar da ake so irin karen ya kasance da ita. Shin takarda tana nufin lafiya? Kuma ita wannan ƙa'idar mene ne amfaninta?

Baba_Mai_Karnuka:

Wa alaikumus salam. Ɗana kada ka kai ta, ko kyauta zai yi maka. Takardar asali abu ɗaya take faɗa maka, wane ya haifi wane, shikenan, ba ta duba ƙashi ba ta duba zuciya ba ta san halin kare ba. Maganar jini ya tsaya kuwa gaskiya ne zai tsaya, amma da mai kyau da marar kyau duka za su tsaya tare. Akwai cututtukan gado da suke ɓoye, kare zai ɗauki ƙwayar gadon ciwon guda ɗaya yana lafiya lau babu alama, sai ya haɗu da mai ɗauke da irinta sannan kowane kwikwiyo yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon. To ka duba, duk abin da uban yake ɓoye da shi rabi da rabi ne 'yarsa ta gada, kaga kai da hannunka ka tara su wuri ɗaya. Masu lissafin kusancin jini suna sa haɗin uba da 'ya a kashi 25 cikin 100, daidai da na wa da ƙanwa, 'yan uba kawai kashi 12.5. Ita kanta Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila, wadda aka kafa tun 1873, daga 2009 ta daina yi wa 'ya'yan irin wannan haɗin rajista, uba da 'ya, uwa da ɗa, wa da ƙanwa. Sannan karyarka ma yarinya ce, ƙashinta bai gama ƙwari ba, ka bari ta cika shekara biyu tukuna.

Yar_Asibitin_Dabbobi:

Baba ya gama magana, ni ƙari zan yi kan hoton ƙugu tunda shi nake gani a wurin aiki kuma yana taɓa min zuciya wallahi. Ciwon ƙugun da ake nema a hoton nan, gaɓar ƙugu ce ba ta zauna daidai a cikin raminta ba, tana ta wasa tana goga har ƙashi ya lalace. Kare zai zo maka bai kai shekara biyu ba, in ya kwanta sai ya yi ta yunƙuri da ƙafafun gaba kafin baya ya biyo, in zai gudu ya haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle lokaci ɗaya, tsokar cinya ta zube, mai shi yana tsaye yana cewa ai da takarda na saya. Kuma abin da mutane ba su gane ba, wani karen gaɓarsa ta lalace amma da ido ba za ka gani ba sai ya fara tsufa, alhali ya riga ya yi barbara ya bar 'ya'ya ko'ina, shi yasa ɗan'uwa maganar tana gudu tana gadi ba hujja ba ce.

Hoton ana yi ne bayan an sa kare barci don a miƙe ƙafafun daidai. A tsarin FCI, ƙungiyar karnuka ta ƙasa da ƙasa, ana ba da maki daga A zuwa E, A ne lafiyayye E ne mafi muni. A Ingila lamba suke bayarwa daga 0 zuwa 106 in an haɗa ɓangare biyu, ƙaramar lamba ita ce mai kyau, daga shekara ɗaya ake yi. OFA, cibiyar tantance hoton ƙashin karnuka ta Amurka, ita kuma sai kare ya cika wata 24 take ba da shaidar ƙarshe. A ɗauki na gwiwar ƙafar gaba ma lokaci ɗaya. Sai gwajin DNA na ciwon laka da yake shanye musu ƙafafun baya a tsufa, ɗan goge cikin kumatu ne kawai a tura. Duka a yi wa macen a yi wa namijin.

Dan_Gaskiya:

Ni fa ku yi haƙuri, gani nake ita ƙa'idar irin ce tushen matsalar gaba ɗaya. Waye ya matse hancin buldog da fug har numfashi ya zama musu aiki, suna barci suna minshari suna farkawa, zafi kaɗan su faɗi? Mafi yawan buldog ma ba sa haihuwa sai da tiyata saboda girman kan 'ya'yan. Karen Kabaliya fa, ciwon zuciya da matsewar ƙwaƙwalwa sun yi masa yawa har kotun ƙolin Norwe a 2023 ta hana kiwonsa. Holan kuma ta sa sharaɗin hancin kare ya kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kansa kafin a yi kiwo da shi. Duk masu takarda ne waɗannan. Ka ɗauki Dalmeshan, a da dukkansu suna da gadon da ke kawo tsakuwar mafitsara, a 1973 Robert Schaible ya haɗa ɗaya da karen Foyinta ya samo masu lafiya, amma sai 2011 ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ta yarda ta yi wa jikokinsu rajista, shekara kusan arba'in ana musu kan tsarkin jini karnuka na wahala. Ni a ba ni barbarar yanyawa mai lafiya.

Baba_Mai_Karnuka:

Dan_Gaskiya duk abin da ka lissafa ya faru, ba na musu, kuma su kansu 'yan Ingila sun sake rubuta ƙa'idojinsu a 2009 bayan wani shirin BBC na 2008 ya tona asirin abin. Wasu ƙa'idojin sun cancanci gyara. Amma a kan Jaman Shefad laifin na alƙalan gasa ne da masu kiwo da suka ga ana ba wa mai zubabben baya kofi sai kowa ya ƙara zubewa. Max von Stephanitz da ya kafa ƙungiyar SV ta masu kiwon Jaman Shefad a Jamus a 1899 karen aiki yake nema, mai kiwon tumaki da zai wuni yana sassarfa bai gaji ba. Ka buɗe ƙa'idar ka karanta, namiji santimita 60 zuwa 65 a kafaɗa, mace 55 zuwa 60, baya mai ƙarfi a tsaye, gindin baya ne kawai zai ɗan gangara, kuma ta yi gargaɗi cewa lanƙwasar ƙafar baya in ta yi yawa tana rage ƙarfi da juriya. Karen da ƙafafunsa ke gogar juna ya saɓa ƙa'ida ko da kofi goma gare shi. Kuma ta yi maganar hali, mai natsuwa, marar tsoro, mai jin magana, wannan ne mutane suke tsallakewa alhali karen nan zai zauna ne kusa da yara. Tantancewar kiwo ta SV har gudun juriya na kilomita 20 a ciki, ban da jarrabawar aiki da hoton ƙugu da gwiwa.

Amfanin ƙa'ida shi ne mai neman kare ya san me zai samu, girma nawa, hali wane iri, aikin me zai iya, kada ya ɗauki kwikwiyo bayan shekara ya ga ya fi ƙarfinsa ya yar. Barbarar yanyawa ma yana gadon ciwon ƙugu in iyayen suna da shi, bambancin dai ba ka da wurin da za ka duba tarihinsa.

Sabon_Makiyayi:

Baba, Anti, Dan_Gaskiya, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na fasa, zan bari ta cika shekara biyu in kai ta hoto. In sakamakon ya yi kyau me zan tambayi mai namiji? In bai yi kyau ba kuma fa?

Yar_Asibitin_Dabbobi:

In bai yi kyau ba ka bar maganar kiwo da ita, ka riƙe ta a matsayin karyarka, kada ka bari ta yi ƙiba don nauyi yana ƙara ciwon, ka yi shawara da likitanta kan cire mahaifa da lokacin da ya dace. In ya yi kyau ka nemi takardun gwajin namijin na asali ka gani da idonka, a karanta lambar ɗan guntun na'urar da ke ƙarƙashin fatarsa a gabanka ta yi daidai da ta jikin takarda, don ana sauya takardu. Ka jera takardarsa da tata ka duba kada sunan kare ɗaya ya yi ta maimaituwa a kakanni, musamman irin zakaran gasar nan da kowa ke kai masa mace. Ka je ka gan shi yana tafiya da sassarfa, ka ga yadda yake karɓar baƙo, ka tambayi 'ya'yansa na baya da suka girma. Ciki kusan kwana 63 ne, tun kafin nan ka san gidajen da 'ya'yan za su je, kada ka raba su da uwa kafin sati takwas, da allurar rigakafi da maganin tsutsa a rubuce, kuma ka gaya wa duk wanda ya ɗauka in ya kasa riƙewa ya dawo maka da shi.